Ta Bayan Sahu Na Bi

"Breshna, in kika zare sakatar nan, wallahi ni da ke har abada!"

Hannuna na kan ƙarfen. Ban juyo ba, don na san in na kalli fuskarsa ƙafata ba za ta ɗagu ba.

"Matsa min, Zarak."

"Ni ban tare ki ba. Ga ki ga ƙofa. Amma leƙa ki ga abin da ke jiranki."

Ba sai na leƙa ba. Na san motar nan kamar yunwar cikina. Shuɗiya ce mai raga a taga, kullum tana fake a tsallaken layi kusa da mai gurasa, 'yan sanda na zaune a inuwarta suna kurɓar koren shayi.

"Gara su ɗauke ni," na ce. "Gara su watsa ni bakin iyaka in bi sawun Adey, da a fasa masallacin nan saboda ni, a kwashe bayin Allah."

"Wa ya ce miki za a fasa?"

"Goggonka. Da bakinta. Har da dariya."

Sai ya ce a hankali, "Jan..."

"Kar ka ƙara ce min jan! A gidan nan ni ba masoyiyar kowa ba ce. Amana ce ni. Ba haka Daji, mahaifinka, ya ce ba?"

A nan hawayen da nake riƙewa tun safe suka ci amanata.

A Peshawar aka haife ni, a nan aka binne mahaifina. Afghanistan ban taɓa ganinta ba sai a hoton da ke bangon ɗakinmu. Amma da dokar korar 'yan Afghanistan ta fito, sai aka tuna cewa kakana da ƙafa ya tsallako. Ranar da suka shigo layinmu ina gidan wata amarya ina gwada mata riga. Kafin in dawo an zuba mahaifiyata, Adey, da yayana Lala Baryal a babbar mota, an yi bakin iyakar Torkham da su. Tukunya na tarar a kan wuta, shinkafar ta ƙone.

Ko takalmi ban tsaya nema ba. Na faɗa masallacin unguwa, na zube gaban Maulana Gul Rahman, na ɗora gefen mayafina a kan ƙafarsa.

"Na shigo."

Iyakar abin da na ce ke nan. A wurinmu duk wanda ya faɗi haka a ƙofarka an gama magana, ko maƙiyinka ne sai bayan ranka.

Maulana bai tsaya a kaina ba. Ya hau mumbari ya ce dokar da ke raba uwa da 'yarta ba za ta shigo masa masallaci ba. Shi da Fada Yunas na cocin da ke ƙarshen layi, da Sardar Harnam Singh mai kantin magani, dattijon mabiya addinin Sikh na unguwa, suka ɗinga zarya ofishin hukuma, su zauna a bakin ƙofa su ƙi tashi. Da ƙyar aka samu fahimta ta baka: ba za a shiga wurin ibada a kama kowa ba. Sai saman masallaci ya cika da iyalai, harabar coci ta cika. Amma titi na hukuma ne. Ka taka shi, ka tafi.

Ni da yake mace ce ni kaɗai, sai aka sa ni a gidan Maulana da ke manne da masallacin. Tsakar gida, kicin, ɗan ɗakina. Na haddace kowace tsaga ta bangon nan. Sararin sama ma gwargwadon faɗin tsakar gidan nake gani.

Zarak kuwa ɗan Maulana ne, mai gyaran keken ɗinki. Tun kafin wannan masifa kekena ya fi kowane keke a Peshawar yawan lalacewa, kuma ni da shi duk mun san lafiyarsa ƙalau. Zai zo ya kwance ya ɗaure, ya ɗiga mai, ya ce, "Wannan keken naki shagwaɓa ce ke damunsa." Ni kuma in ce, "To ai ya samu mai lallashi." Adey tana ji, ta yi kamar ba ta ji ba.

Da lauyan da dattawan suka samo mana ya ce matar ɗan ƙasa tana da bakin magana a kotu, ba a korarta sai alƙali ya saurare ta, Zarak bai ɓata lokaci ba. Ya sami mahaifinsa. Ina bayan labule da tiren shayi na ji komai.

"Daji, ina son Breshna. Ba yau na fara ba."

"Na sani. Ka ɗauka makaho ne ni?"

"To ka ɗaura mana aure."

"A'a."

Tiren ya kusa suɓuce min.

"Shigo, 'yata," in ji Maulana. "Ba a yanke maganar mutum a bayan idonsa."

Na shiga na durƙusa. Maulana ya dube ni.

"Gurasata kike ci. Rufina ne a kanki. Ƙofata kuma ba ki da ikon fita. In na tambaye ki ko kina son ɗana, me za ki ce?"

"Zan ce ina so, Daji."

"In da ba kya so fa? Me za ki ce?"

Na sunkuyar da kai.

"Kin gani? Wadda ba ta da ikon cewa a'a, ni ba zan karɓi amincewarta in ɗaura aure a kai ba. Ubana bai taɓa cin amanar wanda ya shigo masa ba, ba kuwa za a fara a kaina ba. Muddin kina ƙarƙashin rufin nan, ke amana ce."

"Daji, in ta fita kama ta za su yi!"

"Na sani."

"In ta zauna kuma ka hana ni ita!"

"Wannan ma na sani, Zarak. Kana ganin daɗi nake ji?"

Na so in tsani tsohon nan a ranar, wallahi na so. Abin haushin, tambayarsa ta bi ni har ɗaki ta zauna min a ƙirji. Zarak nake so, ko ƙofar fita nake so? Na rantse wa kaina shi ne. Amma wanda ke kulle komai zai iya rantsewa.

Sai ga Tror Gulalai, ƙanwar Maulana. Tun Zarak na rarrafe ta ajiye masa 'yarta Shandana a zuciyarta. Da ta ji labari, ta ɗauki mayafi ta bi gida gida.

"Kun ga masallacin yayana? Gidan kiwon amare ya koma. A tara 'yan gudun hijira, a zaɓi mai kyau a ba ɗa!"

Shandana ta ƙara gishiri, ta kai maganar har kunnen matar jami'in da ke jagorantar 'yan sandan nan. Ta ce an kulle yarinya a gidan liman, za a aura mata ɗansa ko tana so ko ba ta so. Abin da suke nema ke nan. Suka aiko cewa bayan Juma'a za su shigo su ceci yarinya. Kowa kuma ya san in suka shigo, ba ni kaɗai za su fita da ita ba. Akwai jarirai a sama. Akwai wata tsohuwa da ba ta iya tashi.

Tror ce ta kawo min labarin har kicin, tana gyara awarwaronta.

"Ke dai kin zame wa mutane ƙarfen ƙafa. In da kunya a idonki, da kin san hanyar ƙofa."

Shi ya sa nake tsaye riƙe da sakata, Zarak na bayana yana roƙo.

Sai aka buga ƙofar daga waje, bugu irin na mai gida. Na yi baya da sauri.

"Ku buɗe mana! Tukunyar nan ta cinye min hannu!"

Anti Parveen ce, shugabar matan coci, wadda ke kawo wa mutanen sama wake duk tsakiyar mako. Ta shigo tana haki, ta dube ni, ta dubi Zarak.

"Wa ya mutu?"

Zarak ya zayyana mata komai. Ta dire tukunya, ta riƙe ƙugu.

"Kai, maza! Karatu har rufi, dabara ko ta cokali babu. Ina Maulanan?"

Ya fito yana gyara rawani. "Parveen Bibi, lafiya?"

"Maulana Sahib, tun da nake ban taɓa jin an nemi aure daga ɗaki zuwa ɗaki a gida ɗaya ba. A gidan iyayenta ake neman yarinya. Ni Allah bai ba ni 'ya mace ba, sai ƙattai masu cin gurasa. Ka ba ni ita. Ta koma harabarmu, ta ci tuwona, ta yi sallarta a ɗakina. In ɗanka na so, ka ɗauko rawaninka ka zo ka roƙa kamar kowa. In ta ce ba ta so, ko gezau, tana nan a wurina."

Sai na ga gemun Maulana na motsi. Dariya yake dannewa.

"To masu cewa an kulle ta?"

"Su zo su cece ta daga hannuna mu gani!"

"Anti," na ce, "ta ina zan bi? Daga nan zuwa coci duk a idonsu ne."

Masallaci da coci a gefe ɗaya na layin suke, motar kuma tana tsallake, ta ɓangaren alƙibla. Babu ƙofar baya, babu rufin da ya haɗe.

Maulana ne ya ɗago.

"Jibi Juma'a," ya ce. "Bana masallacina ya yi wa jama'a kaɗan. Ina ganin sai mun shimfiɗa tabarmi a titi."

Ranar Juma'a tun hantsi Fada Yunas da Sardar suka baza mutanensu. Dama tun shekarar da aka yi tashin hankali, in Musulmi na salla a waje su ke tsayawa gadi, in ana ibada a coci mu ke tsayawa. Ba wanda ya ga baƙon abu. Abin da ya zama baƙo shi ne yawan jama'a. Masu shaguna, direbobin keke mai ƙafa uku, mutanen unguwannin da ban taɓa gani ba. Maimakon su taru a gaban masallaci, sai sahu ya miƙe bisa tsawon layi, kafaɗa da kafaɗa, har ƙofar coci. Fuskokinsu na kallon motar, bayansu na kallon bango. Tsakanin sahun ƙarshe da bangon aka bar 'yar hanya.

Kafin ya fita Zarak ya tsaya a bakin kicin. Bai shigo ba.

"Kina tsoro?"

"Kamar in mutu."

"Ni ma. In na tayar da salla ba zan iya waiwayowa ba, Breshna. Ba zan san ko kin isa ba sai an sallame."

"To ka yi min addu'a a sujada."

"Tun yaushe nake yi..."

Da na ji kabbarar farko, Anti Parveen ta damƙi hannuna.

"Zare sakatar, 'yata. Yau da izini."

Na zare.

Iskar titi ta bugi fuskata, na ji jiri. Matan coci suka sa ni a tsakiya, muka bi bango. Ta lasifika muryar Maulana ke tashi. Mutumin da duk unguwa ta san shi da gajeren karatu, har ana cewa in ka tsaya ɗaure takalmi ka rasa raka'a, yau ya ɗauko doguwar sura yana ja a hankali kamar ba shi da wurin zuwa.

Mun yi nisa sai na ji ihu daga saman wani soro.

"Ga ta can! Ga ta can tana guduwa!"

Shandana ce.

Jami'in ya zabura, kofin shayinsa ya faɗi. Ya rugo, mutanensa na biye, har ya iso gaban sahun farko. Sai ya ci birki. Gabansa dattawa ne a tsaye, hannu a naɗe, ido a ƙasa. In zai iso gare ni sai ya keta su, ya gifta gaban masu salla sahu bayan sahu, a ranar Juma'a, a unguwar da kowa ya san sunan ubansa. Na ga ya dubi hagu, ya dubi dama.

Sai ya hango abin da mu ba mu lura da shi ba.

A ƙarshen sahun, dab da kantin Sardar, ruwan saman jiya ya kwanta ya yi taɓo. Ba wanda ya shimfiɗa tabarma a wurin. Gurbin mutum ɗaya ne, amma ya isa. Ya nufi wurin da gudu.

"Yesu ka taimake mu," in ji Anti Parveen. "Ɗaga ƙafa, Breshna!"

Ina kallonsa yana matsowa, na ce shi ke nan, Adey, ga ni nan tafe.

Sai wani ya fito daga cikin kantin Sardar. Zarak! Ashe bai shiga sahu ba, tsayawa ya yi yana lura. Ya warware mayafinsa, farin da yake ji da shi, ya shimfiɗa a kan taɓon. Ya taka, ya haɗa kafaɗarsa da ta na kusa da shi, ɗayar kafaɗar na gogar bangon kantin. Jami'in na gabansa, numfashinsu na haɗuwa.

Zarak ya ɗaga hannu.

"Allahu Akbar."

Jami'in ya ɗaga nasa hannun kamar zai ture shi. Hannun ya tsaya a sama. Sardar na tsaye a ƙofar kantinsa, ya ce da shi a hankali, "Ɗana, mutum na gaban Ubangijinsa."

Na wuce ta bayan Zarak, kusa har ina ganin jijiyar wuyansa na bugawa. Bai waiwayo ba. Da aka yi sujada na ga goshinsa ya nutse a taɓo, a daidai lokacin Fada Yunas ya ja ni ciki ya tura ƙofa.

Na zube a harabar coci na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka tafi da Adey.

Ba a fasa masallaci ba. Yarinyar da za a ceta ta fita da ƙafarta a gaban ɗaruruwan shaidu, me ya rage? Tror Gulalai ta kwashe 'yarta suka tafi ƙauye ziyarar da ba a sa ranar dawowa ba.

Anti Parveen ta ba ni ɗakin da taga ke kallon bishiyar lemo, ta sa ƙattanta suka auna min alƙibla suna gardama. Nan ma kulle ne, ban yaudari kaina ba. Motar na nan. Amma ba wanda ke jiran komai daga gare ni a gidan, sai dai in cinye abin da aka zuba min.

Da mako ya zagayo Maulana ya zo da rawaninsa, da ladan, da Sardar, da tiren alewa. Zarak na bayansu ya sha aski. Anti ta bar su a tsaye a rana tana tambaya.

"Yaron me yake yi? Gyaran keke? Hm. Yana da haƙuri? Na ji an ce wanki ba ya fita a hannunsa, har yau mayafinsa da taɓo."

"Parveen Bibi, ki ji tsoron Allah," in ji Maulana, Sardar na ta dariya.

Aka kira Lala Baryal a waya, ya wakilta ladan, Adey na gefensa ina jin shessheƙarta. Sannan Maulana ya juyo wajen labulen da nake.

"'Yata, yau ba rufina ne a kanki ba. Kina son ɗana Zarak?"

Na daɗe ina jiran tambayar nan. Amsar na bakina. Amma da na buɗe baki, sai wata ta fito.

"A'a."

Na ji alewa ta zube daga tire.

Na jira. Ina jiran a yi tsawa, ko a ce in tattara kayana, ko rufin ya faɗo.

Anti Parveen ta tafa hannu. "To kun ji. Ku sha shayinku ku kama hanya. Breshna, tashi ki duba min miyar nan kar ta kama."

Shi ke nan. Ba abin da ya faru. Na shiga kicin na juya miya, wurina na nan, gadona na nan, Anti ta shigo ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi kaɗan. Sai na ji wani abu da ya daɗe a ƙirjina ya sauka. Na tsaya na tambayi zuciyata a karo na farko ba tare da tsoro ba, ta kuwa ba ni amsa ba ta ɓata lokaci ba.

Na leƙa ta taga. Dattawan sun kai ƙofa. Zarak na tsaye a gindin lemo, kansa a ƙasa, idonsa ja.

"Zarak."

Ya ɗago. "Ba komai, Breshna. Wallahi ba komai. Zan ci gaba da bin lauya, ko ba aure sai mun..."

"Kekena ya lalace."

Ya tsaya yana kallona.

"Keken da na gyara shekaranjiya na aiko miki?"

"Shi. Shagwaɓa ce ke damunsa."

"Jan... kar ki yi min wasa da rai."

"Ba wasa nake ba. Na so in ji ko zan iya faɗa ne, in kwana lafiya. Na iya. Je ka dawo da Daji kafin ya yi nisa."

Ya ruga har yana tuntuɓe da tiren alewa. Na ji muryar Maulana daga bakin ƙofa.

"Na ji a'arta da kunnena. Yanzu in ta ce e, zan ɗaura."

Aka dawo aka zauna, ya sake tambaya. Na matsa kusa da wayar don Adey ta ji daga can tsallaken iyaka, na faɗa da ƙarfi.